Warin da Kawu Ottar Bai Ji Ba

Skarvika, 11 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga Torunn 'yar Magnhild,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki. In kin manta ni, Ottar ne, ɗan ƙanen kakarki, wanda kike ce wa Kawu lokacin da mahaifiyarki ke kawo ki nan hutun makaranta. Rabona da ke tun ranar jana'izarta, shekara bakwai ke nan. Lafiyata lau, in ban da gwiwa da kunnen hagu. Kunnen ne ya sa na rubuto maimakon in buga waya. Ga shi kuma wayar a gidan ɗana take, kuma ba na son a ji abin da zan faɗa.

Matata Borghild shekara biyu ke nan tana gidan kula da tsofaffi a Sortland. Mantuwa ta ci ƙarfinta. Ma'aikatan suna iyakar ƙoƙarinsu, amma ba ta cin abin kirki sai daga hannuna. Saboda haka kullum nake tuƙa kilomita talatin da takwas in tarar da abincin rana, in ba ta, in dawo. Bas kuwa sau biyu rak yake biyowa ta nan a mako.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Oddny, matar ɗana Steinar, ta tayar da magana wai motata tana warin fetur. Ranar Lahadi na ɗauke ta zuwa coci, ba mu yi nisa ba ta sauke gilashi cikin wannan sanyi, ta toshe hanci da gyale, wai kanta na sarawa. Da muka sauka ta ce ita da motar nan har abada, kuma ni ma bai kamata in ƙara shiga ba. Torunn, na koma na zauna a ciki, na rufe ƙofofi, na yi ta shaƙa har kaina ya fara juyawa, ban ji komai ba. Shekara arba'in ina fama da inji a jirgin kamun kifi, ni za a koya wa warin mai?

Na san inda aka dosa. Tun da na cika saba'in da takwas suke ƙus-ƙus ita da Steinar a kan in ajiye tuƙi. Shi yana teku sai Kirsimeti, ya bar mata aikin. Bara cewa aka yi idona, likita ya gwada ya sabunta min takarda. Bana kuma wari. In na kai ta gareji a Sortland, da sun ga furfurata sun ga shekarun motar za su ce a kai mu bola mu biyun.

An ce min ke ce babbar makanikiya a garejin bas-bas na Trondheim, maza goma sha biyu a ƙarƙashinki. Ki rubuto min layi biyu, da hatimin wurin aikinki in da hali, cewa tsohuwar mota ba ta rasa ɗan wari, kuma ba abin damuwa ba ne. In nuna mata, kowa ya huta.

Na sa miki busasshen kifi a ƙunshi daban. Kada ki zarge ni in bai yi daɗi ba, kifin bana duk lami ne, haka ma gahawar da ake sayar mana, kamar ruwan zafi. Lofena na shan taba kaɗai ke ɗebe min kewa a hanya in ina tuƙi.

Kawunki,
Ottar

*

Trondheim, 14 ga Oktoba

Kawu, wasiƙarka ta iso, kifi ma ya iso, na gode. Ina gaishe ka da Inna Borghild. A tsaye nake rubuta wannan kati, ana jirana. Oddny ta yi gaskiya. Ka rataye makullin, kada ka ƙara tuƙa motar nan, lofen ma ka nesanta shi da ita. Takardar da ka nema ba zan iya rubutawa ba. Cikakken bayani zai biyo baya gobe.

Torunn

*

Skarvika, 22 ga Oktoba

Torunn,

Ina fatan kina lafiya. Ni ina nan yadda kika ɗauke ni, tsoho.

Katinki ya iso ranar Litinin. Da yake kati ne ba ambulan, mai kai wasiƙu ya karanta abinsa a hanya, sannan ya miƙa wa Oddny a bakin ƙofa, tunda akwatinmu ɗaya. Yanzu duk Skarvika an san babbar makanikiyar Trondheim ta yanke hukunci, Ottar ya gama tuƙi. Jiya a kanti wani ya tambaye ni ko zan ba shi motar ya zuba kaji a ciki.

Na jira goben taki kwana biyar, shiru. Ba ki ga idona ba, ba ki ga hannuna a kan sitiyari ba, amma kin ce kada in ƙara tuƙi. Da mahaifiyarki ce, da ta fara tambayata tukuna.

Na rataye makullin, ba don na yarda ba, sai don Oddny ta ce in na fita za ta nemi Steinar ta rediyon jirgi, ni kuwa ba na son a ɗaga masa hankali a tsakiyar teku. Ina bin bas Talata da Juma'a. Sauran kwana biyar ɗin, an ce min Borghild ƙofa take kallo har abinci ya huce.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba.

Ottar

*

Trondheim, 26 ga Oktoba

Kawuna,

Ina gaishe ka da kyau, yaya gwiwa, yaya jikin Inna? Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce.

Ka yi min afuwa. Doguwar wasiƙar na rubuta ta a ranar da na ce, na ba wani direbanmu ya jefa min a akwati. Yau da safe na tsinto ta a gaban bas ɗinsa, an ɗora mata kofin gahawa, sai na sake rubuta wannan a madadinta. Laifina ne da ban kai da kaina ba, kuma laifina ne da na aiko kati tsirara kowa ya karanta. Amma ka ɗauko katin ka sake dubawa. Cewa na yi kada ka tuƙa motar nan, ban ce kada ka ƙara tuƙi ba. A ba ka lafiyayyar mota yau, ni zan zauna a gefenka in yi barcina.

Gaskiya ne tsohuwar mota ba ta rasa warin baƙin mai ko na hayaƙi. Fetur daban ne. Ba ya wari sai ya sami hanyar fita, kuma in ya fita ba abin da yake jira sai tartsatsi. Na taɓa ganin mota ta kama a bakin garejinmu, kafin mu janyo abin kashe gobara daga bango ta zama ƙwarangwal. Da na karanta cewa kana kunna lofe a ciki, nan take na zari kati na rubuta. Shi ya sa katin ya fito babu ko sassauci.

Yanzu zan faɗi abin da ƙila zai fi ɓata maka rai. Ka ce kifin bana lami ne. Kawu, ranar da na kwance ƙunshin, maƙwabciyata sai da ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakina. Daɗinsa kuwa rabona da irinsa tun ina yarinya. Ka ce gahawa kamar ruwa. Ka ce ka zauna a mota kana shaƙa har kanka ya juya. Abin da ya juya maka kai, shi ne fetur ɗin da ka ce babu. Ina jin hancinka ne ya ajiye aiki, ba kai ba. Ka gwada kai kaɗai, ba mai ganinka. Ka rufe ido ka yanka albasa, ko ka buɗe kwalbar kananzir.

In ka yarda mu nemo ramin, ku turo motar waje, kada a yi komai cikin rumfa, kuma lofe ya zauna a gida. Ka fara da murfin tanki, ka duba robar da ke cikinsa ko ta bushe ta tsage, sau da yawa nan ne kawai. Sannan ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta daga gaba har baya ka bar shi ya kwana, ka ga ko akwai ɗigo da kuma ta inda ya faɗo. Ka buɗe but, wurin kaya na baya, ka ɗaga shimfiɗar, ka haska wuyan tanki da tocila, gishirin da ake zuba wa hanya saboda ƙanƙara yana cin wurin. Amma abin da na fi buƙatar sani, ido ba zai gaya maka ba: yaushe warin ya fi ƙarfi? Tana tsaye ko inji na aiki? Daga gaba ko daga baya? Wannan sai da hanci, kuma hancin da ya fi kusa da kai na Oddny ne.

'Yarka,
Torunn

*

Trondheim, 11 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Kwana goma sha shida ke nan ba amsa. Na ji a rediyo guguwa ta taɓa ku. Na buga wayar gidan Steinar sau uku da rana tsaka, ba wanda ya ɗauka.

Abu biyu nake tsoro. Ko maganar hancin ta yi maka zafi ka yanke ni, ko kuma ka gaji da jira ka ɗauki makullin. In na farkon ne, ka zage ni a takarda, zan karanta in gode. Na biyun ne ba zan iya ɗauka ba. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Torunn

*

Skarvika, 17 ga Nuwamba

'Yata Torunn,

Lafiya muke, ki kwantar da hankalinki, makulli na nan a ƙusarsa. Guguwa ta hana jirgin wasiƙu zuwa kwana biyar. Sauran kwanakin kuwa ba guguwa ba ce, girman kaina ne.

Na yi gwajin. Albasa ta sa ni hawaye amma ban ji ta ba. Na kai kwalbar kananzir har tana taɓa gashin bakina, kamar ruwan rijiya. Na zauna ina lissafi, na gano tun wata muguwar mura da na yi shekara biyu baya abin ya tafi, ni kuwa ina ta zagin mai kanti. Ba wannan ne ya fi dukana ba. Akwai gyalen Borghild da nake ajiyewa a kan matashinta. Na daɗe ina cewa ƙamshinta ya bar gyalen, har na yi fushi da shi na cusa a akwati. Ashe yana nan, ni ne na bar shi. Mako guda na yi ban iya rubuta wa kowa komai ba.

Ranar Asabar na tsallaka gidan Oddny. Na same ta tana kwaɓa burodi. Na tsaya a bakin ƙofa hula a hannu kamar mai neman aiki, na ce, “Na zo aron hancinki.”

Ba ta ko ɗago ba ta ce, “Wata guda ina ba ka shi kyauta, Baba, ka ƙi karɓa.”

Sai ta wanke hannu ta zuba min gahawa, muka yi maganar da ya kamata mu yi tun tuni. Ta ce ita ba ta taɓa son a raba ni da tuƙi ba, maganar ido ma Steinar ne ya tayar, ita ta ce a bar likita ya yanke. Abin da ke gabanta kawai, duk lokacin da na fita sai ta tsaya a taga tana duba hanya ko za ta hango hayaƙi. Kuma ga dalilin da ba a ɗauki wayarki ba. Ashe a ranakun da babu bas, motar madara take bi tun da safe zuwa Sortland, ta zauna da Borghild ta gwada ba ta abinci, ta dawo, ba ta gaya min ba don kada in ce tana cin gadona da raina. Ta ce cokali uku take karɓa, a na huɗu ta kau da kai. Ni ina nan ina rubuto miki sharrinta, ita tana zaune a kan gwangwanayen madara cikin wannan sanyi.

To ga sakamakon bincike. Robar murfi lafiyarta lau. Kwali ya kwana biyu, ko ɗigo babu. But ba tsatsa, Oddny ta zura kai ciki ta ce warin tsohon kifi ne kawai da igiya. In motar na tsaye a kashe, warin kaɗan ne. Amma da na tayar da inji ya yi minti biyar na kunna abin ɗumama ciki, sai ta fito da gudu tana tari. Na kashe, na buɗe bonet, ta bi da hanci kamar karen farauta, ta nuna gefen dama, kusa da kafireta. Na haska, na shafa, ban ga jiƙa ba. A nan basirata ta ƙare.

Ta kira gareji, sun ce bayan guguwar nan aiki ya yi musu yawa, ba za su iya zuwa su ja ta ba sai tsakiyar Disamba. Borghild kuwa kilo uku ta zubar, zobenta har ya fara zamewa. Ba ni da wata guda, Torunn. Ki gaya min abin da zan yi, wannan karon zan karanta a hankali.

Kawunki,
Ottar

*

Trondheim, 22 ga Nuwamba

Kawuna,

Na gode Allah da kuke lafiya. Ka gaishe min da Oddny, ka ce in tana neman aiki akwai gurbi a garejinmu.

Ina jin kun kama ɓarawon. Daga famfon mai zuwa kafireta akwai wani ɗan tiyon roba, tsawonsa bai fi tafin hannu biyu ba. In ya tsufa, ta ƙasa yake tsagewa, inda ido ba ya gani. Ba ya yoyo sai inji na aiki famfo yana turo mai. Abin da ya ɗiga kuwa a kan ƙarfen salansa mai zafi yake faɗawa, ya ƙone ya zama tururi kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa kwalinka ya bushe, shi ya sa kuma abin ɗumama ciki yake jawo warin. Ka yi tunanin wannan, fetur a kan ƙarfe mai zafi, kilomita saba'in da shida kullum. Allah ne kawai ya tsare.

A cikin ƙunshin nan akwai sabon tiyo na fetur da maɗauri biyu. Kada ka ce kana da wani tiyo a rumfa, na ruwa fetur cinye shi yake yi. Inji ya huce sarai. Ku cire wayar batir tukuna. Ku sa tsumma a ƙasa, ku kwance maɗauran da sukundireba, ku murɗa tsohon a hankali har ya fita, ɗan mai zai zubo, ba komai. Ku lanƙwasa shi ku duba cikinsa. In kun ga tsaga, shi ne. In ba ku gani ba, kada ku tuƙa, ku rubuto min. Sabon ya shige har ƙarshe, a ɗaure tam amma kada a yanka robar. Tsumman a kai shi nesa. Sannan ku tayar, Oddny ta yi hukunci.

Ko ta ce lafiya, ka kai ta gareji in sun sami sarari su duba sauran. Hancin kuma ka nuna wa likita, wani lokaci yana dawowa.

'Yarka,
Torunn

*

Skarvika, 30 ga Nuwamba

'Yata Torunn,

Gaisuwa daga ni da Oddny. Lafiya muke, sai gwiwa da ba ta gajiya da ƙorafi.

Ƙunshinki ya iso Asabar, dusar ƙanƙara ta hana mu sai Litinin. Kin san yanzu hasken bai fi na awa uku ba, don haka muna ganin gari ya ɗan washe muka fita. Na cire wayar batir, na kwance maɗauri na sama. Na ƙasan kuwa ya ƙi ni. Wurin matsattse ne, yatsuna sun sandare, sukundireba ta faɗi cikin dusa sau uku. Ina ta huci, Oddny ta karɓe ta daga hannuna, ta naɗe hannun riga ta zura hannu. Ni na riƙe tocila ina ba da umarni, ita tana yin abin da ta ga ya dace. Da tiyon ya fita mai ya tsirto mana har gwiwar hannu. Na lanƙwasa shi, sai ga baki ya buɗe a ƙasansa, tsawon farcen babban yatsa. Na daɗe ina kallonsa. Oddny ta ce kada in jefar, za ta ajiye wa Steinar ya gani.

Ta sa sabon, na gwada ɗaurin. Muka tayar, muka bar ta minti ashirin da abin ɗumama ciki a kunne. Oddny ta shiga ta rufe ƙofa, ni ina waje ina kallon fuskarta ta gilashi kamar mai jiran alƙali. Can ta buɗe ta ce motar ba ta wari, mu ne muke yi. Mun wanke hannu da sabulu har sau uku, ta ce a banza, ya kama fata da rigunan sanyinmu.

Jiya muka tafi Sortland tare, ni a sitiyari. Lofe na bar shi a gida, kuma ina jin can zai ci gaba da zama.

Mun sami Borghild a kujerarta, ta rame ƙwarai. Aka kawo dankali da kifi da miya. Na zauna, na ɗebo cokali na kai bakinta. Ba ta buɗe ba. Sai ta kama hannun rigata ta jawo shi hancinta, ta yamutsa fuska. Ta juya ta kama na Oddny, shi ma ta shinshina. Sannan ta dube ni ido cikin ido, da irin kallon da take min shekara arba'in in na shigo daga jirgi da takalmi, ta ce, “Ottar, sau nawa zan gaya maka? Kada a zo min tebur da warin inji. Ku tashi ku wanke hannu, kai da yarinyar nan.”

Ma'aikaciyar da ke wurin sai da ta ajiye tiren da ke hannunta. Ta gaya mana daga baya rabon da su ji magana mai tsawon haka daga bakinta tun kafin bikin Ista.

Muka tashi kamar yaran da aka kora, muka je wurin famfo. Oddny tana dariya hawaye na zuba, ni kuwa na kasa riƙe sabulun. Muka dawo muka nuna mata tafukanmu, ta duba gaba da baya, ta gyaɗa kai. Ta cinye dankalin nan tas, rabi daga hannuna, rabi daga na Oddny, har ta nemi ƙarin miya. Kafin mu tafi ta sake komawa duniyarta, ba ta san mun fita ba. Ban damu ba.

A bakin mota na miƙa wa Oddny hannun rigata na tambaye ta ko warin ya fita. Ta shinshina ta ce da saura sosai, in kawo rigar ta dafa min ita da soda. Na ce a'a, a bar ta haka, da ita zan koma gobe.

Na gode, 'yar Magnhild. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Ottar